Niyurofidbak don rashin barci da fargaba: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya taɓa kwana idonsa biyu har aka kira assalatu, ko wanda gabansa ke faɗuwa ba gaira ba dalili, ya san abin da ke sa mutum ya bi kowace hanya neman sauƙi. Cikin hanyoyin da ake yawan tallatawa yanzu akwai niyurofidbak, wato horon ƙwaƙwalwa da na'ura. Ga tambayoyin da masu wannan lalura suka fi maimaitawa a kansa.

1. Mene ne niyurofidbak?

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar lantarki mai rauni ƙwarai, kuma ana iya ɗaukar alamarsa daga fatar kai da na'urar da asibitoci ke kira EEG. A niyurofidbak, kwamfuta tana karanta wannan alama nan take, ta mayar wa mutum da ita a matsayin hoto ko sauti. Idan ƙwaƙwalwar ta shiga yanayin da ake so, sai hoton ya yi haske ko a ji wata 'yar ƙara mai daɗi. Idan ta fita, hoton ya dushe. Fatan da ake yi shi ne, da yawan maimaitawa, ƙwaƙwalwa ta koyi komawa wannan yanayi da kanta ko babu na'ura.

2. Me ake yi wa mutum a zama ɗaya?

Za ka zauna a kujera gaban allo. Mai horon zai goge wuri ɗaya ko biyu a fatar kanka, ya manna ƙananan faifai na ƙarfe da wani man shafawa mai kauri, ya maƙala wasu a kunnuwa. Ga masu matsalar barci, an fi sa faifan a tsakiyar kai ko ɗan gefensa. Daga nan sai ka kalli bidiyo ko wani wasa mai sauƙi. Ba a buƙatar ka yi wani yunƙuri na tunani, kallo kawai za ka yi ka bar jikinka ya saki. Zaman yakan ɗauki minti 30 zuwa awa guda, har da lokacin mannawa da cirewa.

3. Ana sa wa mutum lantarki a kai ne? Wannan shi ne tsorona.

A niyurofidbak na asali babu wutar da ke shiga kanka. Faifan saurare kawai suke yi, kamar abin da likita ke ɗora wa ƙirji don jin bugun zuciya. Ya bambanta da jinyar girgiza da lantarki da ake yi a asibitin ƙwaƙwalwa bayan an sa majiyyaci barci, ya kuma bambanta da TMS, inda ake amfani da maganaɗisu a motsa wani sashe na ƙwaƙwalwa.

Akwai dai wani nau'i da ake kira LENS, wanda ke aika wata alama mai rauni zuwa kai, kuma shi ma ana sayar da shi da sunan niyurofidbak. Saboda haka tambayi mai horon kai tsaye: na'urar nan karantawa kawai take yi, ko tana aika wani abu?

4. Ina jin ana ambaton alfa, beta, teta. Me suke nufi?

Sunaye ne na saurin kaɗawar lantarkin ƙwaƙwalwa, ana ƙirga su da sau nawa take kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. Delta ita ce mafi jinkiri, ƙasa da sau 4, kuma ita ke mamaye barci mai nauyi. Teta tana tsakanin 4 da 8, ana ganinta lokacin gyangyaɗi. Alfa tana tsakanin 8 da 12, tana fitowa sosai idan mutum ya rufe ido yana farke cikin natsuwa. Beta daga 13 zuwa kusan 30 take, ta mai tunani ce da mai aiki, kuma bincike ya nuna masu rashin barci da yawa suna da beta mai sauri fiye da kima ko da sun kwanta, kamar ƙwaƙwalwar ta ƙi sauka daga gadi.

Akwai ta biyar da masu horon barci suka fi damuwa da ita, ana kiranta SMR, mai kaɗawa sau 12 zuwa 15 a sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da motsin jiki. Tana bayyana idan jiki ya tsaya cik amma hankali na farke. Saurinta ya yi kusa da na wasu gajerun kaɗawa da ke fitowa a mataki na biyu na barci, waɗanda ake ganin suna kare mai barci daga farkawa saboda ƙaramin motsi. Daga nan tunanin ya samo asali: idan aka ƙarfafa SMR da rana, ƙila barcin dare ya ƙara ƙarfi. Ko hakan na faruwa, duba tambaya ta 6.

5. Sabon abu ne?

Ya daɗe. Wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1924, ya wallafa sakamakon a 1929. A ƙarshen shekarun 1950, Joe Kamiya a Jami'ar Chicago ya nuna cewa mutane na iya koyon gane lokacin da suke cikin alfa, har su ƙara ta. A shekarun 1960 kuma Barry Sterman, a jami'ar UCLA da ke Kalifoniya, ya koya wa kyanwoyi ƙara SMR ta hanyar ba su lada da abinci. Daga baya, a wani aiki da ya shafi gubar man roka, ya lura cewa kyanwoyin da aka horar sun fi sauran jure farfaɗiyar da man ke haddasawa. Wannan ya sa aka fara gwada horon a kan masu farfaɗiya a farkon shekarun 1970, sannan Joel Lubar na Jami'ar Tennessee ya kai shi ga yara marasa natsuwa. Gwajinsa kan rashin barci ya fara fitowa fili da aikin wani masanin barci, Peter Hauri, a farkon shekarun 1980.

6. To, yana maganin rashin barci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta ba ta yi wa masu talla daɗi. Ƙananan bincike da dama sun nuna cewa waɗanda aka yi wa horon sun ce barcinsu ya gyaru. Matsalar ita ce yawancin binciken an yi su ne da mutane kaɗan, kuma ba a kwatanta su da waɗanda aka yi wa horon bogi ba, wato waɗanda aka zaunar gaban na'ura iri ɗaya, aka manna musu faifai iri ɗaya, amma abin da allon ke sakawa a kai ba shi ne kaɗawar da ake son ƙarfafawa ba.

Manuel Schabus da abokan aikinsa a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya suna cikin waɗanda suka fara samun sakamako mai ƙarfafa gwiwa. Sai suka sake gwajin da tsauri, suka wallafa a mujallar Brain a 2017. Masu rashin barci 25 aka yi wa zama 12 na horon gaske da zama 12 na bogi, ba su san wanne ne wanne ba, masu kula da su ma ba su sani ba. Majiyyatan sun ce sun ji sauƙi, amma sauƙin da suka ji bayan na bogi daidai yake da na gaske. Da aka auna barcinsu da na'ura a ɗakin gwaji, ba a ga tsarin barcin ya canja ba. Abin da ya sa nake ba wannan bincike nauyi shi ne, waɗanda suka yi shi mutane ne da suka sa rai hanyar za ta yi aiki, suka kuma faɗi abin da suka gani.

Don haka manyan ƙungiyoyin likitocin barci ba su sa niyurofidbak a sahun gaba ba. Abin da suka sa a gaba yana tambaya ta 10.

7. Amma na san wanda ya yi, ya ce ya canja masa rayuwa. Ƙarya yake yi?

Ba ƙarya yake yi ba, kuma bai kamata a raina abin da ya ji ba. Ka duba abin da ke tattare da horon. Mutum yana zuwa sau biyu ko uku a mako, ya zauna shiru na rabin awa ba waya a hannu, wani na tambayarsa yadda ya kwana, yana sauraronsa da kulawa. Ga na'ura mai ban sha'awa, ga kuɗin da ya kashe, ga sa rai. Rashin barci da fargaba suna cikin lalurorin da sa rai da kwanciyar hankali ke taɓawa sosai, domin tsoron rashin barcin kansa yana hana barci. Ƙari a kan haka, mutum yakan nemi magani ne lokacin da abin ya kai maƙura, kuma daga maƙura sau da yawa sauƙi ke biyowa ko ba a yi komai ba.

Sauƙin gaskiya ne. Abin da ake jayayya a kai shi ne ko na'urar ce ta kawo shi. Robert Thibault da Amir Raz, waɗanda suka yi aiki a Jami'ar McGill ta Kanada, sun daɗe suna wannan magana a rubuce-rubucensu. Ga mai biyan kuɗi daga aljihunsa, bambancin yana da muhimmanci, domin idan zama cikin natsuwa da samun mai sauraro ne ke aikin, akwai hanyoyi masu araha na samun su.

8. Fargaba fa? Nan ma haka ne?

Kusan haka. Ga mai fargaba an fi yin horon ƙara alfa, ko rage beta mai sauri, ko haɗa alfa da teta yana zaune ido a rufe. Mutane da yawa suna tashi daga zaman jikinsu a sake, kuma binciken da aka yi sun fi karkata ga cewa akwai sauƙi. Sai dai raunin da aka ambata a tambaya ta 6 yana nan: mutane kaɗan, kwatanci da horon bogi kaɗan, bibiya ta ɗan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ke fama da cututtukan fargaba a 2019, kuma abin da ke da hujja mafi ƙarfi a kansu har yanzu shi ne jinyar gyaran tunani da ɗabi'a da ake kira CBT, da kuma magunguna irin su sertraline da likita ke rubutawa.

Akwai ɗan'uwan niyurofidbak mai sauƙin kuɗi, wanda ke auna bugun zuciya maimakon ƙwaƙwalwa, yana koya wa mutum numfashi a hankali, kusan sau 6 a minti. Shi numfashin kana iya fara shi yau da agogo kawai: shaƙa na daƙiƙa 5, fitarwa na daƙiƙa 5, na tsawon minti 10.

9. Na ga ana cewa yana maganin firgici, farfaɗiya da rashin natsuwar yara.

Kowanne da matsayinsa. Kan firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali, wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Bessel van der Kolk, ya jagoranci wani gwaji da mutum 52 da aka wallafa a 2016, inda waɗanda aka horar suka samu sauƙi sosai, amma an kwatanta su ne da masu jiran layi, waɗanda ba a zaunar da su gaban kowace na'ura ba. Kan rashin natsuwar yara, wato ADHD, inda aka fi yin bincike, wani babban gwaji a Amurka da yara 144 da aka wallafa a 2021 ya ga yaran ɓangarorin biyu sun samu ci gaba, ba tare da horon gaske ya yi wa na bogi fintinkau ba. Farfaɗiya kuwa, duk da cewa daga nan tarihin ya fara, magani ne ke riƙe ta, kuma mai farfaɗiya kada ya kusanci wannan horo sai da sanin likitansa. Duk wurin da ya jera maka cututtuka ashirin ya ce na'ura ɗaya na warkar da su, ka yi hattara da shi.

10. Idan ba shi ba, da me zan fara?

Da farko a tabbatar ba wata cuta ce ke ɓoye a bayan rashin barcin ba. Mai minshari mai ƙarfi wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, mai ciwon jiki, mai yawan fitsarin dare saboda ciwon suga, mai ciwon tayirod da ke sa zuciya gudu, mai ciwon damuwa, kowannensu maganinsa daban. A duba abin da ake ci da sha kuma. Goro, shayi, kofi da lemunan ƙara kuzari duk suna da sinadarin kafiyin, kuma rabin abin da mutum ya sha yakan kai kimanin awa 5 a jikinsa. Wanda ke cin goro bayan la'asar ko ya zauna majalisar shayi bayan isha'i ya fara gyara nan.

Idan rashin barcin ya kai dare uku a mako har tsawon wata uku, yana kuma taɓa harkokin rana, likitoci na ɗaukarsa a matsayin mai daɗewa. Jinyar da aka fi amincewa da ita sunanta CBT-I, wato jinyar gyaran tunani da ɗabi'a da aka tsara don rashin barci, kuma ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa da ita za a fara kafin ƙwaya. Zama 4 zuwa 8 ake yi. Ginshiƙanta su ne: kada ka hau gado sai barci ya zo, idan ka yi kamar minti 20 kana juyi, tashi ka zauna wani wuri mai ƙarancin haske har ka ji gyangyaɗi, ka tsayar da lokacin tashi guda kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba, a rage lokacin kwanciya ya yi daidai da barcin da kake samu a zahiri, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ga mai tashi sallar asuba, lokacin tashin ya riga ya tsayu, abin da ya rage shi ne a daidaita komawa barcin hantsi da ƙailula don kada su cinye na dare.

Makon farko da na biyu suna da wuya, mutum yakan ji barci da rana, don haka direba da mai aiki da inji su kula. Mai farfaɗiya ko mai ciwon da ke sa hankali ya yi sama ya yi ƙasa kada ya rage lokacin barcinsa sai ƙarƙashin kulawar likita.

11. Ina shan maganin barci. In na fara horon, zan iya dainawa?

Kada ka daina da kanka. Magunguna irin su diazepam da bromazepam, wanda aka fi sani da Lexotan, jiki yana sabawa da su, kuma yanke su lokaci guda bayan an daɗe ana sha na iya jawo karkarwa, fargaba mai tsanani, har da farfaɗiya. Likita ne ke rage su a hankali cikin makonni ko watanni. Mai horon da ba likita ba ba shi da hurumin ce maka ka ajiye magani. Ka dai sanar da shi duk abin da kake sha, domin waɗannan ƙwayoyi suna ƙara beta a EEG, suna iya sa a yi wa sakamakonka mummunar fahimta.

12. Zama nawa ake yi, kuma ta yaya zan san yana aiki?

Yawancin masu horo suna cewa zama 20 zuwa 40, sau biyu ko uku a mako. A Amurka zama ɗaya yakan kai dala 100 ko fiye, to ka lissafa sau talatin. Ka kuma sani cewa akwai mutanen da, ko sun yi zaman duka, ba sa iya canja kaɗawar da ake horarwa, kuma masu binciken fannin da kansu sun yarda da haka.

Idan ka yanke shawarar gwadawa, ka auna da kanka. Mako biyu kafin ka fara, ka riƙa rubutawa kowace safiya: ƙarfe nawa ka kwanta, minti nawa ka ɗauka kafin barci, sau nawa ka farka, ƙarfe nawa ka tashi, yaya yininka ya kasance. Akwai kuma gajerun takardun tambayoyi guda bakwai-bakwai da likitoci ke amfani da su, ISI don barci da GAD-7 don fargaba. Ku yi yarjejeniya da mai horon tun farko cewa bayan zama 10 ko 15 za ku duba waɗannan lambobi tare. Jadawalin da ke kan allonsa yana iya yin kyau alhali kai kana kwana a zaune, kuma barcinka ne ka zo gyarawa.

13. An ce sai an fara yi min taswirar ƙwaƙwalwa. Dole ne?

Taswirar, wadda ake kira qEEG, ana yin ta da hula mai faifai 19, a kwatanta sakamakonka da na wasu mutane da aka tara a kwamfuta, a fitar da hoton kai mai launuka. Ja ko shuɗi a hoton yana nufin ka bambanta da matsakaicin waɗancan mutane a wannan wuri, kuma lafiyayyu da yawa suna bambanta. Gyangyaɗi, ƙifta ido, cije haƙora da shan shayi duk suna canja shi. Ba a gano rashin barci ko fargaba da wannan hoto. Da hira da tarihin majiyyaci ake gano su. Na damu da wannan sosai, domin mai fargaba da aka nuna wa jan tabo aka ce ga inda ƙwaƙwalwarsa ta lalace yana iya komawa gida da sabon abin tsoro.

14. Ina da kitso, kuma ina rufe kaina. Yaya za a yi?

Faifan sai sun taɓa fatar kai, don haka ki wanke gashi daren da ya gabata, kada ki shafa mai. Idan faifai ɗaya ko biyu ne, tsagar kitso tana ma taimakawa, muddin ta faɗo inda ake buƙata. Ki tambayi mai horon wurin da za a manna kafin ki je gidan kitso. Hular taswira kuwa ba ta zama daidai a kan kitso mai kauri ko ƙarin gashi. Kina da damar neman mace ta manna miki, kuma bayan an manna ana iya yafa mayafi mara nauyi a sama.

15. Na'urorin da ake ɗaurawa a goshi a gida fa?

Irin su Muse, na wani kamfanin Kanada, suna da faifai kaɗan a goshi da bayan kunne, suna haɗuwa da waya. An yi su ne don taimaka wa mai son koyon natsuwa, ba a matsayin maganin wata cuta ba. Goshi kuma wuri ne da motsin ido da na tsokar fuska ke gurɓata alama. Idan tana sa ka zauna shiru minti goma kullum, ta yi amfani. Idan ka ga ka fara damuwa da makin da take ba ka, kana duba shi da tsakar dare, ajiye ta.

16. Yana da illa?

Illolin da aka fi ba da rahoto ƙanana ne kuma masu wucewa: gajiya, ciwon kai, saurin fushi, wani lokaci barcin ya ƙara rikicewa na kwana ɗaya ko biyu. Ga wanda ya ga tashin hankali, zaman rufe ido na alfa da teta yana iya taso da abin da ya wuce, shi ya sa ake son mai horon ya kasance ya san aikin kula da masu irin wannan rauni. Illar da ta fi girma ita ce ta jinkiri: watanni da kuɗi su tafi alhali cutar da ke da magani tana nan ba a taɓa ta ba, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 10.

17. Wa zan yarda da shi ya yi min? Kuma EEG da ake yi a asibitocinmu shi ne wannan?

EEG na asibiti gwaji ne na gano cuta, musamman farfaɗiya, likita ya karanta ya ba da sakamako. Ba horo ba ne. Amma asibitin ne wurin farawa: sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, can ne za a tantance abin da ke damunka. Zuwa can saboda barci ko fargaba ba ya nufin hauka.

Shi kuwa mai horo, fara tambayar asalin sana'arsa: likita ne, masanin halayyar ɗan Adam ne, ma'aikacin jinya ne, kuma wace hukuma ta ba shi lasisi? Akwai takardar shaida ta wata ƙungiya mai suna BCIA da ke Amurka, wadda ke nuna mutum ya yi karatun niyurofidbak, sai dai ba ta maye gurbin lasisin duba marasa lafiya. Tambaye shi wace kaɗawa zai horar, a wane sashe na kai, saboda wane dalili, da abin da zai yi idan ba a ga canji ba. Ka ambata masa binciken Salzburg na 2017 ka ji yadda zai amsa. Wanda ya nemi ka biya kuɗin zama arba'in gaba ɗaya, ko ya yi maka alkawarin warkewa tabbas, ka riƙe kuɗinka.

18. Yaushe ne bai kamata in tsaya jiran wani horo ba?

Idan tunanin kashe kanka ko cutar da kanka yana zuwa maka. Idan ka yi kwanaki kusan ba barci amma ba ka jin gajiya, maganarka ta ƙaru, kana kashe kuɗi ko yanke hukunci ba kamar yadda ka saba ba. Idan kana jin muryoyi ko ganin abin da wasu ba sa gani. Idan mai jego ce ta kasa barci ko da jaririn ya yi barci, hankalinta yana rikicewa. Idan faɗuwar gaban ta zo da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko suma. A duk waɗannan, a tafi asibiti a ranar, kuma wani ɗan'uwa ko amini ya yi rakiya, a tafi da duk magungunan da ake sha a cikin kwalayensu.